BABI NA UKU: MATAKAN AIKIN INJINIYAN MANHAJA: NAZARI A KAN LINUS TORVALDS

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda rayuwar aiki ta injiniyan manhaja take kasancewa, tun daga lokacin koyo har zuwa lokacin da ya zama jagoran wasu. Maimakon a yi bayani a dunƙule, an ga ya fi dacewa a ɗauki mutum ɗaya a bi sawunsa, wato Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan wanda ya ƙirƙiro Linux da Git. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, kusan dukkan aikinsa a bainar jama'a ya yi shi, kuma wasiƙun da ya yi musaya da abokan aikinsa tun daga shekarar 1991 suna nan a adane, duk mai bukata yana iya karantawa.

Babin zai taɓo abubuwa huɗu. Na farko, matakan da ya taka a fagen aiki. Na biyu, fannonin fasahar da suka fi jan hankalinsa. Na uku, al'adar wurin da yake aiki. Na huɗu kuma, yadda yake raba lokacinsa tsakanin aiki da iyali da hutu. Abin da ake son fitowa da shi shi ne, aikin injiniyan manhaja yakan fara ne tsakanin mutum da na'ura, amma gwargwadon bunƙasar aikin, gwargwadon yadda yake komawa sha'anin hulɗa da mutane.

3.1 Wane ne Injiniyan Manhaja?

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta aiwatar da wani aiki. Ana rubuta wannan umarni ne layi bayan layi, da wasu harsuna na musamman irin su C da Python da Java. Ainihin rubutun da ɗan'adam ya yi, wanda wani masani zai iya karantawa ya gyara, shi ake kira rubutun tushe. Injiniyan manhaja kuwa shi ne wanda ya ɗauki tsara wannan rubutu da gwada shi da gyara shi da kula da shi a matsayin sana'a. Ana iya kwatanta shi da magini, wanda bayan jera tubali, dole ya san nauyin da harsashi zai iya ɗauka, ya kuma yi tunanin wanda zai zo ya yi wa ginin ƙari bayan shekara ashirin. Sunan wannan fanni ya fara yaɗuwa ne bayan wani taro da ƙungiyar tsaro ta NATO ta shirya a garin Garmisch na ƙasar Jamus a 1968, lokacin da aka lura cewa manyan ayyukan manhaja suna yawan wuce wa'adi da kuɗin da aka ware musu.

Akwai kalma ɗaya da ya kamata a fayyace tun yanzu, wato kanel. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take sarrafa ta, kamar Windows ko Unix. A tsakiyar wannan babbar manhaja akwai wani ɓangare da yake magana kai tsaye da ƙarfen na'ura. Shi yake raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya, shi kuma yake isar da saƙo tsakaninsu da allo da maɓallan rubutu da faifan ajiya. Wannan ɓangare shi ne kanel, kuma Linux a ainihin ma'anarsa kanel ne. A kansa aka gina Android, wanda ya fara fitowa a 2008. Ke nan duk mai riƙe da wayar Android a Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana amfani da aikin da za a yi bayani a kansa a nan. Haka kuma, a watan Nuwamba na 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da Linux suke aiki.

3.2 Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Linus Torvalds ranar 28 ga Disamba, 1969, a birnin Helsinki. Ya fito ne daga cikin 'yan tsirarun mutanen Finlan masu magana da harshen Suwidin, kuma iyayensa duka biyu 'yan jarida ne. Kakansa na wajen uwa, Leo Törnqvist, farfesa ne a fannin ƙididdiga a Jami'ar Helsinki, kuma a wurinsa ne Torvalds ya fara taɓa kwamfuta, wata 'yar ƙarama mai suna Commodore VIC-20, yana ɗan kimanin shekara goma sha ɗaya. Da harshen BASIC ya fara, yana taya kakan shigar da lissafinsa. Daga baya ya sayi tasa kwamfutar mai suna Sinclair QL. Kasancewar manhajojinta suna da wuyar samu a Finlan, sai ya zama dole ya riƙa rubuta wa kansa abin da yake bukata. Wannan rashi shi ya koya masa shiga can cikin na'ura ya ga yadda take aiki.

Ya shiga Jami'ar Helsinki a 1988 domin karanta kimiyyar kwamfuta. Bayan shekara ɗaya ya dakata ya yi aikin soja na tilas har na wata goma sha ɗaya, sannan ya dawo karatu a 1990. A wannan shekara ya ɗauki darasi a kan Unix, ya kuma karanta littafin Farfesa Andrew Tanenbaum na birnin Amsterdam, wanda ya zo tare da wata ƙaramar manhaja ta koyarwa mai suna MINIX.

3.3 Matakan Aikinsa

Ana iya kasa rayuwar aikin Torvalds gida uku, kamar haka:

3.3.1 Matakin Ɗalibta (1991 zuwa 1996)

A watan Janairu na 1991 ya sayi kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel 80386, ya ɗora mata MINIX. Da ya ga MINIX ba ta biya masa bukata ba, sai ya shiga rubuta nasa kanel. Ranar 25 ga Agusta, 1991, ya aika da sanarwa zuwa ga masu amfani da MINIX, inda ya bayyana cewa abin da yake yi na sha'awa ne kawai, ba zai zama wani babban abu ba, ya kuma nemi shawararsu. A watan Satumba ya saki fitowa ta 0.01, mai layukan umarni dubu goma da 'yan kai. Shi sunan Freax ya so ya raɗa wa aikin, amma Ari Lemmke, wanda yake kula da kwamfutar da aka ajiye shi, ya sa masa Linux, sunan kuma ya bi shi.

Shawara mafi muhimmanci da ya yanke a wannan mataki ta shafi lasisi. Da farko ya haramta a sayar da Linux. A 1992 sai ya mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL na gidauniyar da Richard Stallman ya kafa. Wannan lasisi ya ba kowa damar ya kwafa, ya gyara, har ma ya sayar, bisa sharaɗin cewa duk wanda ya rarraba abin da ya gyara, tilas ya bayar da rubutun tushensa a ƙarƙashin lasisin. Amfanin wannan sharaɗi shi ne, duk wanda ya ba da gudummawa ya tabbata babu wani kamfani da zai kwashe guminsa ya kulle. Dalili ke nan da ya sa masana daga ƙasashe daban-daban suka fara aiko da gyare-gyare. A watan Maris na 1994 aka saki fitowa ta 1.0, mai layuka fiye da 176,000. A duk tsawon wannan lokaci Torvalds ɗalibi ne kuma mataimakin malami a jami'a, har ma a kan Linux ya rubuta kundin digirinsa na biyu.

3.3.2 Matakin Aikin Kamfani (1997 zuwa 2003)

A farkon 1997 ya ƙaura da iyalinsa zuwa jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ya kama aiki da kamfanin Transmeta, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba ta cin wuta da yawa. Abin lura a nan shi ne, a wancan lokaci akwai kamfanoni da suke kasuwancin Linux, irin su Red Hat da SuSE, waɗanda za su yi murna da samunsa, amma ya guji aiki da su. Hujjarsa ita ce, idan ya zama ma'aikacin ɗaya daga cikinsu, sauran za su riƙa zargin son kai a duk hukuncin da ya yanke. Transmeta kuwa ta amince ya ci gaba da kula da Linux a gefen aikinta. Duk da haka bai tashi a tutar babu ba, domin kamfanonin Red Hat da VA Linux sun ba shi kyautar hannun jari don nuna godiya, kuma darajarsu ta ɗaga ƙwarai lokacin da suka shiga kasuwar hannun jari a 1999.

A cikin wannan mataki ne matsalar yawan aiki ta fara bayyana. Duk gyaran da aka yi wa manhaja ana kiransa faci, kuma a lokacin kowane faci sai ya bi ta hannun Torvalds. A 1998 facin da ake aikowa ya fi ƙarfinsa, wasu suka riƙa ɓacewa a cikin akwatin wasiƙunsa, har manyan abokan aikinsa suka yi ƙorafi a fili. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan takaddama ita ta tilasta masa ya fara miƙa sassan aikin ga wasu, sannan a 2002 ya karɓi wata manhaja mai suna BitKeeper domin adana tarihin gyare-gyare.

3.3.3 Matakin Jagoranci (daga 2003)

A watan Yuni na 2003 ya bar Transmeta ya koma wata cibiya mai suna OSDL, wadda gamayyar kamfanoni suke ɗaukar nauyinta. Wannan ne karo na farko da aka fara biyansa albashi domin aikin Linux zalla. A 2004 ya koma da zama kusa da birnin Portland na jihar Oregon. A 2007 cibiyar ta haɗe da wata ƙungiya aka sami Gidauniyar Linux, wadda ta ci gaba da biyansa ba tare da tana da ikon gaya masa abin da zai karɓa ko ya ƙi ba. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 2010, kuma a 2012 ya sami babbar lambar yabo ta fasaha ta ƙasar Finlan, wadda suka raba da masanin kimiyyar nan na Japan, Shinya Yamanaka.

Idan aka yi la'akari da waɗannan matakai uku za a ga cewa rubutun umarni yana raguwa a hannunsa ne daga mataki zuwa mataki. A 1991 shi ya rubuta komai. A wajajen 2006 an ƙiyasta cewa abin da ya rubuta da hannunsa bai wuce kashi 2 cikin 100 na kanel ɗin ba. A farkon 2025 kuwa kanel ɗin ya haura layuka miliyan 40. Shi da kansa ya sha faɗi a wuraren taro cewa aikinsa ya koma karanta wasiƙu da haɗa aikin wasu da yanke hukunci.

3.4 Fannonin da Suka Fi Jan Hankalinsa

Injiniyoyin manhaja sukan bambanta wajen abin da suke sha'awa. Wasu sun fi son tsara abin da ido yake gani a allo, wasu harkar adana bayanai, wasu kuma tsaro. Shi Torvalds hankalinsa ya fi karkata ga mahaɗar manhaja da ƙarfen na'ura, wato yadda ake sarrafa wurin ajiya da tsarin fayil da saurin aiki. Wannan ne ya sa ya riƙe harshen C, wanda yake ba marubuci damar sanin abin da na'ura za ta yi da kowane layi. Sai a watan Disamba na 2022, a fitowa ta 6.1, aka buɗe wa harshen Rust ƙofa, saboda yana kare marubuci daga wasu kurakurai na wurin ajiya da suka daɗe suna jawo matsalar tsaro.

Siffa ta biyu ita ce fifita abin da yake aiki a zahiri a kan abin da ya yi kyau a takarda. Misali a nan shi ne muhawarar da suka yi da Tanenbaum a farkon 1992. Malamin yana ganin tsarin Linux tsohon yayi ne, domin an dunƙule dukkan ayyukan kanel wuri ɗaya, alhali masana sun fi yabon a rarraba su ƙanana-ƙanana. Torvalds ya amsa cewa rarrabawar ta fi kyau a nazarce, sai dai nasa tsarin ya riga ya tashi, yana kuma aiki a kan na'urar da mutane suke da ita a gidajensu. Daga wannan ra'ayi ne babbar dokarsa ta samo asali, wato duk wani sabon gyara da ya hana wata manhaja da mutane suke amfani da ita aiki, to gyaran ne yake da laifi, kuma za a cire shi komai kyansa.

Siffa ta uku ita ce, yakan ƙirƙiri kayan aiki ne idan bukata ta kama shi. A watan Afrilu na 2005 kamfanin da ya mallaki BitKeeper ya janye izinin amfani da ita kyauta. Torvalds ya duba bai ga wata manhaja da za ta iya ɗaukar nauyin aikinsu ba, sai ya zauna ya fara rubuta Git ranar 3 ga Afrilu, kuma cikin 'yan kwanaki ta fara aiki. Hikimar da ke cikin Git ita ce, kowane ma'aikaci yana da cikakken kwafin tarihin aikin a kwamfutarsa, yana iya yin gyara ko da babu intanet, sannan daga baya a haɗa. Bugu da ƙari, kowane gyara yana da wata lamba da ake lissafowa daga abin da ya ƙunsa da abin da ya gabace shi, ta yadda idan wani ya taɓa tarihin a ɓoye, lambobin za su tona masa asiri. A watan Yuli na wannan shekara ya miƙa ragamar Git ga Junio Hamano, ya koma kan Linux. A kan Git ne aka gina GitHub a 2008, wanda kamfanin Microsoft ya saya a kan dala biliyan 7.5 a 2018.

3.5 Al'adar Wurin Aiki

3.5.1 Tsarin Gudanar da Aiki

Masu aikin Linux ba su da ofis guda da suke taruwa. Suna warwatse ne a ƙasashen duniya, kuma mafi yawansu ma'aikatan kamfanoni ne irin su Intel da Google da Red Hat da AMD, waɗanda a kasuwa abokan hamayyar juna ne. Ta hanyar wasiƙun imel ake gudanar da akasarin aikin, kuma a buɗe suke ga kowa. An kasa kanel ɗin sassa-sassa, kowane sashe da mai kula da shi. Wanda ya rubuta faci zai aika wa mai kula da sashen da abin ya shafa, a duba, a yi masa suka, ya gyara ya sake aikowa, wani lokaci har sau da dama. Idan an gamsu, mai kula da sashen zai tara shi da sauran ya miƙa sama, har ya isa ga Torvalds.

Akwai kuma jadawali da ake bi. Bayan kowace fitowa akan buɗe ƙofar karɓar sabon aiki na mako biyu. Daga nan sai a rufe, a shiga gwaji da gyaran kurakurai, ana sakin fitowar gwaji duk mako, galibi ranar Lahadi, har kimanin sau bakwai ko takwas. Ke nan duk bayan mako tara ko goma ake samun sabuwar fitowa, wadda takan ƙunshi gyare-gyare fiye da dubu goma daga mutane fiye da dubu ɗaya. Fa'idar wannan jadawali ita ce, wanda aikinsa bai nuna ba, ba shi da dalilin gaggawa, domin ya san wata ƙofar za ta buɗe nan da wata biyu da 'yan kwanaki.

3.5.2 Matsayin Amana

Babu yadda za a yi mutum ɗaya ya karanta gyare-gyare dubu goma cikin mako biyu. Saboda haka abin da Torvalds yake dogaro da shi shi ne sanin mutanen da suke aiko masa, waɗanda ya shekara da shekaru yana ganin aikinsu, su ma kuma haka suke yi da na ƙasa da su. Tun daga 2004 aka wajabta wa duk wanda faci ya bi ta hannunsa ya sa sunansa a ƙasa, domin a san asalin kowane layi. Matsayin mutum a wannan tsari yana samuwa ne ta hanyar ingancin aikinsa da tsayawarsa a kan gyara abin da ya ɓata, ba a tambayar takardar shaidarsa.

Abin da ya faru a watan Afrilu na 2021 ya nuna nauyin wannan amana. Wasu masu bincike daga Jami'ar Minnesota sun aika da faci masu ɗauke da kurakurai da gangan, domin su gwada ko za a gane, ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Da al'amarin ya fito, Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kanel, ya dakatar da karɓar aiki daga jami'ar baki ɗaya, aka kuma koma aka sake tantance duk abin da mutanenta suka taɓa aikowa.

3.5.3 Matsalar Kaifin Harshe

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana. An daɗe da sanin Torvalds da zafin harshe. Idan wani ya aiko da aikin da bai gamshe shi ba, musamman in babban ma'aikaci ne da yake ganin ya kamata ya fi haka sani, yakan mayar da martani da zagi da ashar, kuma a idon dubban masu karatu. A 2012, a wani taro a Jami'ar Aalto ta Finlan, ya yi wa kamfanin Nvidia alamar zagi da yatsa a gaban kyamara saboda rashin haɗin kansu. Hujjar da ya riƙa bayarwa ita ce, a rubuce ba a ganin fuskar mutum, in bai fito ɓaro-ɓaro ya ce abu bai yi ba, mai aikin zai ɓata watanni a kan hanyar da ba ta ɓullewa.

Masu sukarsa kuwa suna ganin ana iya ƙin aiki ba tare da an ci mutuncin mai shi ba. Sun ƙara da cewa na ƙasa suna kwaikwayon na sama, don haka halin jagora yakan zama halin wurin gaba ɗaya, kuma waɗanda abin ya fi kora su ne sababbin shiga da mata, waɗanda dama ba su da yawa a fagen. A 2013 aka ƙalubalance shi a fili a kan haka, a 2015 kuma wasu ƙwararru suka sanar da barin aikin saboda wannan dalili. Asarar da ba a iya ƙidayawa ita ce ta waɗanda suka leƙo suka ga yadda ake yi, suka juya ba tare da sun ce komai ba.

Ranar 16 ga Satumba, 2018, Torvalds ya rubuta wasiƙa ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa rai, ya amsa cewa halayyarsa ba ta dace ba, ya kuma ce zai ɗan janye domin ya nemi taimako a kan fahimtar yadda mutane suke ji. A daidai wannan lokaci aka shigar da sabuwar ƙa'idar ɗa'a a cikin kundin aikin. Kroah-Hartman ne ya riƙe ragama har ya saki fitowa ta 4.19 ranar 22 ga Oktoba, sannan Torvalds ya dawo. Wannan hutu na kimanin mako biyar ya tabbatar da abu biyu. Na farko, ƙwarewa a fasaha ba ta ɗauke wa jagora nauyin kyautata mu'amala. Na biyu, aikin ya kai matsayin da zai iya tafiya ko da wanda ya kafa shi ba ya nan.

3.6 Daidaita Aiki da Sauran Al'amuran Rayuwa

Sanannen abu ne cewa a wasu kamfanonin fasaha ana ɗaukar kwana a ofis a matsayin alamar ƙwazo. Tsarin Torvalds ya sha bamban da wannan. Tun da ya bar Transmeta a gida yake aiki, a wani ɗaki da ya keɓe. A wata hira da aka yi da shi a dandalin TED a 2016 an nuna hoton ɗakin, inda ya bayyana cewa abin da ya fi damunsa game da kwamfutarsa shi ne kada ta yi ƙara, kuma ya fi son ya zauna shi kaɗai cikin shiru. Yana da mata da 'ya'ya mata uku, waɗanda suka taso mahaifinsu yana aiki a cikin gida.

Abubuwa uku ne suka ba shi damar wannan rayuwa. Na farko, aiki ta imel ba ya bukatar a amsa nan take, mutum yakan karanta ya amsa a lokacin da ya ga dama. Na biyu, jadawalin da aka ambata a sama ya sa an san lokacin matsi, wato makonni biyu na karɓar aiki, sauran makonnin kuma da sauƙi. Na uku shi ne miƙa aiki ga wasu, kamar yadda ya yi da Git. Haka ya sake yi da Subsurface, wata manhaja da ya fara a 2011 domin adana bayanan nutso a teku, wanda shi ne abin da yake yi don shaƙatawa. Bayan ta kankama sai ya miƙa ta ga abokinsa Dirk Hohndel. Sai dai aiki a gida yana da tasa illar. A watan Janairu na 2024 guguwar hunturu ta katse wuta da intanet a yankin Portland, abin da ya sa aka dakatar da karɓar sabon aiki na wasu kwanaki.

Wajibi ne a lura cewa ba kowane injiniya ne yake da irin wannan gata ba. Torvalds yana da albashi tabbatacce da mataimaka da yawa. Akwai manhajoji masu muhimmanci da mutum ɗaya ko biyu suke ɗauke da su a lokacin hutunsu, ba tare da ko sisi ba. A watan Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa a cikin xz, wata ƙaramar manhaja ta matse fayil da ake samu a kusan kowace kwamfutar Linux. Bincike ya nuna cewa mai kula da ita ɗan sa-kai ne da ya riga ya bayyana cewa ya gaji, sai wani mai ɓoyayyen suna ya shafe kimanin shekara biyu yana taya shi aiki har ya sami amincewarsa, sannan ya yi ɓarnar. Wannan ya nuna cewa gajiyar injiniya ba shi kaɗai take shafa ba, tana iya zama barazana ga duk masu amfani da aikinsa. Shi ma Torvalds ya faɗa a wani taro a 2020 cewa samun masu rubuta umarni ba shi da wuya, masu kula da sassa ne suke wuyar samu, domin aiki ne na kullum da yake bukatar haƙuri da karanta aikin wasu.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bi sawun Linus Torvalds tun daga ɗalibtarsa a Helsinki zuwa aikinsa a Transmeta da kuma jagorancinsa a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. An ga cewa ƙwarewarsa a kan na'ura ita ta fara aikin, amma abubuwan da suka raya shi fiye da shekara talatin su ne lasisin da ya tabbatar wa jama'a haƙƙinsu, da tsaka-tsakin da ya tsaya a tsakanin kamfanoni, da jadawali tabbatacce, da kuma amanar da aka gina tsakanin masu kula da sassa. An kuma ga cewa manyan matsalolin da ya fuskanta, wato cunkoson 1998 da rikicin BitKeeper na 2005 da batun ɗa'a na 2018, duk sun taso ne daga sha'anin mutane. Bisa ga wannan, ana iya cewa horon da ake ba ɗalibin wannan fanni bai cika ba matuƙar ya tsaya a kan harsunan kwamfuta kawai. Akwai bukatar a haɗa masa da iya rubuta bayani a fayyace, da karɓar suka da yin ta cikin ladabi, da sanin lokacin da ya dace ya miƙa wani ɓangare na aikinsa ga waninsa.